A kula da sana'ar ƙera samfur da mazubi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin hukumomi kan wata sana'a da ba a cika ambatonta ba, wato ta masu ƙera samfur da mazubi na ƙarfe da roba. Babu bokiti ko kujerar roba ko murfin injin ban ruwa da zai fito daga masana'anta sai wani gwani ya fara duba zanen injiniya, ya fitar da guda ɗaya tak, wato samfur, an gwada shi an gyara, sannan a sassaƙa mazubin da za a riƙa fitar da dubbai a cikinsa.

Aiki ne na hannu, amma lissafi ne gishirinsa. Narkakken ƙarfe yana tsukewa idan ya huce, baƙin ƙarfe da kusan kashi 1 cikin 100, alminiyam kuwa fiye da haka kaɗan, shi ya sa gwani yake ƙara wa samfur girma tun farko, yake kuma ɗan karkata gefensa domin idan an danna shi a yashi don a samu ramin da za a zuba narkakken ƙarfe, ya zare ba tare da ramin ya rufta ba. Masu zubinmu, waɗanda ba na raina basirarsu ko kaɗan, yawanci tsohon abu suke dannawa a cikin yashi su kwaikwaya, sai sabon ya fito ƙasa da na asali. Idan tukunya ce babu laifi, domin miya ba ta san awo ba. Amma ni da kaina sau uku ina mayar da wani ƙarfen injin niƙa da aka zuba mini, saboda ya ƙi zama daidai a kan sandarsa, kuma laifin ba na ƙarfen ba ne, rashin samfur ne.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masana'antun roba da dama a ƙasar nan daga Sin ko Indiya suke sayo mazubi da dala, alhali a Jos muna da abin da za a ɗora harsashi a kai. A nan hedikwatar Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu take, wanda aka kafa a 1971, ga Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa, ga kuma kwalejin fasaha ta gwamnati a Bukuru.

Roƙona ga waɗannan hukumomi shi ne su haɗa kai su buɗe kwas na musamman, wanda zai ɗauki yaran maƙera da masu zubi ko da ba su da takardar sakandare, a koya musu karanta zane, da awo da milimita, da aiki da injin sassaƙa ƙarfe, har da irin wanda kwamfuta ke sarrafawa. Ya kamata darasin ya zama da Hausa, kuma da yamma, bayan an tashi daga aiki.

Na gode.

Naka,
Wani mai injin niƙa,
Unguwar Rogo, Jos