Kartar da ta ƙi shiga aljihu

Mutumina,

Salamu alaikum, ya gida ya yara? Na san za ka ce na ɓuya, to kai ma ai ba ka neme ni ba, mun yi kunnen doki kenan. Bari in ba ka labari.

Birij ɗin nan, wasan kartar mutum huɗu da ka koya mana, wallahi ya zame mana jaraba, yanzu mun kai mu takwas, teburi biyu, shi ne muka ce bari mu gwada duflikat, inda hannun da aka buga a teburi ɗaya shi za a kai ɗayan a sake bugawa, kowa ya daina kukan wai kati ne bai zo masa ba. Ka san da wa nake.

Na sayi alluna 16, irin masu aljihu huɗu ɗin nan, don a 16 ne tsarin mai rabon kati da masu jan alama (waɗanda ribarsu da asararsu ta maki ta fi yawa) yake zagayowa ya koma farko. Kowane allo kuma sai da kartarsa 52, sha uku a kowane aljihu, to nan fa na tafka ta, na kwaso irin ta wasan foka mai faɗin inci 2.5 alhali ta birij 2.25 ce, ina ta turawa tana lanƙwashewa, uwargida na gefe har da hawaye don dariya. Sai da na sake sayen wata, na ɗauki ta roba tunda tana jure hannun yara.

Akwatin tayi, wanda ake zaro kati a ciki a nuna tayi maimakon a faɗa da baki, shi ne na so in tsallake, na ce bakinmu bai isa ba? Ashe shi ne maganin auta da kawunta, da mutum zai ja murya ya ce "faaas", wato ba zai taya ba, abokin wasansa ya gane komai, yanzu sai dai ka zaro katinka cikin tayi 35 ka ajiye shiru. A Suwidin aka ƙirƙiro shi a 1962, kila su ma akwai kawu irin namu.

Af, mutumin naka ya aske gemun nan, kai ka ce ɗan sakandare. Har yanzu shi ke wurga kati tsakiyar teburi ya hargitsa mana hannu maimakon ya ajiye a gabansa, jiya allo na 7 kati 14 muka tarar a aljihun mai zama ta Arewa.

Ka gaida madam, ka ce ina nan ban manta da bashin ba.

Naka