Wasiƙa zuwa ga aminina kan koyon rumbun bayanai

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, kuma na yi murna da jin kana so ka koyi aikin rumbun bayanai a gida. Zai yiwu sarai, musamman ga irinka da ya daɗe yana aiki da Excel.

Ka fara da SQLite, wata manhaja ta gina rumbun bayanai. Kyauta ce, rumbun gaba ɗaya fayil guda ne a kwamfutarka, kuma ita ce ke aiki a cikin wayoyin Android da iPhone. Idan hannunka ya faɗa sai ka koma PostgreSQL ko MySQL, waɗanda ma'aikatu ke amfani da su sosai. Duk harshe ɗaya suke ji, wato SQL, wanda aka yi wa ƙa'ida ta bai-ɗaya tun 1986, don haka abin da ka koya ba zai tashi a banza ba.

Sai dai ina roƙonka, kada ka ɓata ƙarfinka wajen haddar umarni. SELECT, mai fito da bayanai, da WHERE, mai ware layukan da ake so, za su zauna maka da wuri. Wurin da ake sanin gwani shi ne tsara jadawalai. Tunanin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya fito da shi a 1970 shi ne a rarraba bayanai cikin jadawalai masu alaƙa da juna, daga nan aka sami ƙa'idar cewa kowane bayani a wuri ɗaya zai zauna. Ɗauki ɗakin karatu: jadawali ɗaya na littattafai, ɗaya na masu aro, na uku kuma na aron kansa. Kowane littafi da lambarsa, kowane mutum da tasa, ba a maimaita ta. Jadawalin aro lambobin nan biyu kawai zai ɗauka, da ranar karɓa da ranar mayarwa. In mai aro ya sauya lambar waya, layi guda za ka gyara, ko da ya yi aro sau ɗari. JOIN kuma shi ke haɗa maka su in ana neman sanin wa ke riƙe da wane littafi. Ka daɗe a nan, ka zana a takarda kafin ka taɓa kwamfuta.

Ka kula da DELETE, mai goge bayanai, da UPDATE, mai sauya su. In babu WHERE, jadawalin duka suke shafa. Ka saba buɗe aiki da BEGIN, don ROLLBACK ta mayar da komai yadda yake in an sami kuskure, kuma ka riƙa ajiye kwafi.

Game da neman aiki, ƙaramin rumbun da ka gina da kanka, wanda za ka iya bayyana dalilin kowane jadawali a cikinsa, zai yi maka amfani ƙwarai a zaman ganawa. Ka turo mini zanenka na farko mu duba tare.

A gaishe mini da mutanen gida. Allah ya ba da sa'a.

Naka amini.