Godiya Ga Masu Narka Mana Magnesiyar Bulon Tanderu

Assalamu alaikum.

Mu ma'aikatan sashen gini da gyaran tanderun narka ƙarfe muna miƙa godiyarmu a bainar jama'a ga shugabanni da ma'aikatan kamfanin da ke samar mana da narkakkiyar magnesiya (wani sinadari mai jure tsananin zafi), wadda da ita ake buga bulon da muke jerawa a cikin tanderu da tukunyar ɗaukar ruwan ƙarfe.

Ruwan ƙarfe yana kai wajen digiri 1,600 a ma'aunin Salshiyas, amma ba zafi ne babban abokin gabar bulo ba. Kashin maƙera da ke yawo a saman ƙarfen shi ne ke cin bango, yana bin tsakanin ƙwayoyin magnesiya yana ɓanɓare su ɗaya bayan ɗaya. Idan ƙwayoyin manya ne, hanyoyin da zai bi sun ragu. Manyan ƙwayoyi kuwa ba sa samuwa da gaggawa: sai an narka kayan da wutar lantarki sama da digiri 2,800, sannan a bar dunƙulen ya huce a hankali na tsawon kwanaki. A nan muka fi yaba muku, domin ba ku fasa dunƙule kafin lokacinsa don ku cika oda.

Haka kuma wajen tsincewa. Ɓawon waje da bai gama narkewa ba kuna ware shi gefe, ba ku niƙa shi cikin kaya mai daraja ta ɗaya.

Takardar gwajin da ke zuwa da kowane kaya tana dacewa da abin da ɗakin gwajinmu ke samu: magnesiya kashi 97 zuwa 98 cikin ɗari, sinadarin kalsiyam ya ninka silika (sinadarin da ke cikin yashi) sau biyu ko fiye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan silika ta yi yawa, tana haɗa wani sinadari da ke narkewa ƙasa da digiri 1,500, ya yi laushi tsakanin ƙwayoyin tun ƙarfen bai kai zafinsa ba, sai bulon ya zaizaye daidai layin da kashin maƙera ke tsayawa.

Buhunanku ma suna isowa a rufe ruf. Magnesiya na shan danshi ta kumbura, bulon da aka yi da ita ya tsattsage tun yana ajiye.

Muna roƙon ku riƙe wannan tsari ko da oda ta yi muku yawa. Allah Ya saka da alheri, Ya tsare ma'aikatanku da ke tsaye gaban wuta.

Naku,
Ma'aikatan sashen gini da gyaran tanderu