Wasiƙa zuwa ga aminina: an yi mini tayin wurin wankin mota

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya baƙunta? Na san ka ƙullace ni kan shirun da aka yi, amma kai ma ba ka da bakin magana, tunda saƙonka na ƙarshe bai wuce layi biyu ba, kuma rabinsa tambaya ce kan cajar wayarka da ka bari a wurina. Tana nan, ba wanda ya taɓa ta.

Magana ce ta taso, kuma ba ni da wanda zan zazzage wa ita duka sai kai. An yi mini tayin wurin wankin mota. Wuri ne da ya riga ya kafu, yana aiki, da ma'aikatansa da injinansa da masu kawo motoci. Kuɗin da ake nema zai cinye kusan duk abin da na daɗe ina tarawa, ka kuwa san yadda aka tara shi. Tun da dillalin ya kawo maganar barcina ya ragu.

Kada ka yi dariya. Kai da motarka ba ta ganin ruwa sai an yi ruwan sama, ba kai za ka raina sana'ar ba. Da mutane irinka suka yi yawa a duniya, da tuni masu wanki sun rufe.

Bari in kwatanta maka shi. Rumfa ce mai cin mota uku a lokaci guda, ƙasan an zuba kankare, akwai injin feshi biyu, injin zuƙe ƙura ɗaya, janareta, rijiyar burtsatse da tanki, sai ɗan ɗaki da ake ajiye kaya. Yana bakin hanya mai yawan motoci. Abin da ya ja ni tun farko shi ne ba sai na jira gini ba, ba sai na yi watanni ina roƙon mutane su gwada ni ba. Ranar da na karɓi makulli, ranar kuɗi zai fara shigowa. Ba kayan da ke ruɓewa a kanta, kuma yawanci mai mota yana biya kafin ya tayar da ita. Wannan ɓangaren har yanzu yana burge ni.

Na fara da tambayar mai wurin dalilin sayarwa. Ya ce wata harka ce ta ɗauke masa hankali, ba ya samun zama. Zai iya zama gaskiya, mutum ne mai fara'a kuma ban kama shi da ƙarya ba. Sai dai duk mai sayarwa yana da amsa mai daɗi a aljihu, don haka na karɓa na ajiye, na nemi littafin ciniki.

Littafin ya ce mota 40 a rana. Ka san harkar da ake karɓar kuɗi a hannu, littafinta abin da mai biro ya ga dama yake faɗa. Shi kuma wannan, watanni da yawa a jere biro ɗaya ne, rubutu ɗaya, ba ɗigon ruwa ko datti a shafi ko ɗaya, a wurin da komai jiƙe yake. Ban ce masa uffan ba. Na koma wajen ruwa, don ba a wanke mota da baki. A jikin injin feshin an rubuta yana fitar da lita 12 a minti. Na tsaya da agogo na ga feshin mota ɗaya, daga jiƙawa zuwa ɗauraya, yana cin kamar minti 10. Lita 120 ke nan. Mota 40 za su sha lita 4,800. Tankin kuwa lita 3,000 yake ɗauka, kuma yaron da ke kunna injin jan ruwa ya gaya mini sau ɗaya suke cika shi a yawancin ranaku. Raba 3,000 gida 120, ka ga 25. Da na riƙa zama daga nesa ina ƙirga masu shiga da kaina, abin da na gani ya yi daidai da tankin: ƙarshen mako ana kusan kaiwa 40 ɗin, ranar kuma sai an sake cika tanki, amma a tsakiyar mako da ƙyar a haura 20. Ranar da hadari ya haɗu kuwa, ma'aikatan hira suke yi, don ba mai biyan kuɗin wanki yana kallon gajimare. Wato ranarsa mafi kyau ya ɗauka ya shimfiɗa wa shekara duka.

Ribar ma da ya lissafa akwai gyara. Ɗansa ne ke karɓar kuɗi kuma ba a biyansa, ni kuwa sai na ɗauki mutum ko in zauna da kaina, kuma zamana ma yana da farashi. Bai ware komai don gyaran inji ba, alhali injin feshi abu ne mai cin kansa: robobin ciki suna sakewa, mesa tana fashewa, idan ruwa ya zo da yashi ko aka bar injin yana juyi babu ruwa, nan da nan ya lalace. Na kai makaniki ya duba. Ya ce ɗaya yana da sauran rai, ɗayan kuma ƙarfinsa ya faɗi, in sa a raina zan canza shi. Da na cire waɗannan, na ƙara man janareta da sabulu da tsummoki yadda rasit ya nuna, ribar ta koma kusan rabin abin da aka gaya mini. Duk da haka riba ce, shi ya sa ban tashi na tafi ba.

Af, kafin in manta. Kawu ya ji labarin, ban san ta bakin wa ba, ya kira ni ya ce in saya kawai, wai shi tun yana saurayi yake sha'awar irin wannan sana'a. Ka san shi, duk abin da ba kuɗinsa za a sa ba yana da kyau. Ya ce in gaishe ka, ya kuma ce har yanzu yana jiran agogon. Ni dai na isar. Ƙanenka kuwa ya gama koyon tuƙi, kuma ƙofar gidanku ta shaida. Ba wanda ya ji ciwo, amma ka kira shi, yana jin nauyin ya fara gaya maka.

To, ga abin da ya fi hana ni barci. Filin ba na mai wurin ba ne, haya yake yi. Sai da na matsa kafin ya fito da takardar, na ga saura wata 18 wa'adin ya cika. Kuɗin da yake nema kuma, a kan ribar da na lissafa, sai na yi shekara 3 ina aiki kafin ya dawo. Ka duba wannan da kyau. Zan biya kuɗin shekara 3 a kan wurin da tabbacinsa bai wuce shekara ɗaya da rabi ba. Kuma duk abin da ya sa wurin ya yi daraja a ƙasa yake manne: rijiyar, kankaren, magudanar ruwa, da ita kanta hanyar da ke kawo motoci. Ba ɗaya da zan iya ɗorawa a mota in tafi da shi. Idan mai filin ya ce ba zai sabunta ba, ko ya ga baƙon fuska ya ninka kuɗin haya, abin da zan fita da shi inji uku ne da tsohon janareta, waɗanda a kasuwa ba za su kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da na biya ba.

Na ce a haɗa ni da mai filin. Yau ya yi tafiya, gobe ba ya jin daɗi, jibi wai ba ya son a dame shi, in an gama ciniki za a gabatar da ni. Wannan jan ƙafar ta fi littafin tayar mini da hankali. Mutum ya ƙara wa cinikinsa gishiri, wannan kowa na yi, ana zama a rage. Amma ɓoye mai fili wani abu ne daban. Ina jin tsoron ko ya riga ya san ba za a sabunta masa ba, shi ya sa yake neman wanda zai sauke wa kayan. Ba ni da hujja, kuma ba na son in ɗauki alhakinsa. Sai dai ba zan yi cinikin biri a sama ba.

Na je wurin lauya, wancan dai da ya yi mana aikin gadon nan. Ya karanta takardar ya nuna mini layin da ya hana ɗan haya miƙa wurin ga wani sai da rubutaccen izinin mai fili. Ma'ana ko yau na biya, mai filin yana da ikon cewa bai san ni ba. Shawararsa ita ce kada ko kafin alƙalami ya fita daga hannuna sai an rubuta sabuwar yarjejeniya da sunana, ta aƙalla shekara 5, a kuma fayyace yadda za a riƙa ƙara kuɗin haya da wanda zai mallaki rijiyar in an rabu. Ya ce in sayi kayan aiki da kuma sunan wurin kawai, kada in ɗauki kamfanin mutumin, don bashi yana bin kamfani duk inda ya koma: haraji da ba a biya ba, kuɗin wuta, haƙƙin ma'aikata. Ya ƙara da abin da ban taɓa kawowa ba, a rubuta cewa mai sayarwar ba zai buɗe wani wurin wanki kusa da ni ba har wani wa'adi. In ba haka ba, ya karɓi kuɗina ya tsallaka titi ya kafa rumfa, mutanensa su bi shi.

Akwai kuma maganar ruwan datti, wanda ba mai tunawa da shi sai maƙwabta sun kai ƙara. Ruwan wankin mota yana tafe da yashi da sabulu da baƙin mai, musamman in an wanke inji. Yadda ake yi, ana haƙa rami mai ɗakuna, ruwan ya bi ta ciki a hankali, yashi ya kwanta a ƙasa, mai ya taso sama tunda ya fi ruwa rashin nauyi, sai ruwan tsakiya ya wuce. A wurare da yawa doka ta hana sakin irin wannan ruwa kai tsaye. Wurin yana da ramin, amma na ɗaga murfin na ga ya cika da laka har baki, ruwan ta kansa yake bi ya faɗa kwata. Yashe shi a kaina zai faɗo, in akwai tara ma ni za a samu a wurin. Ruwan rijiyar kuma na ɗebi kwalba na kai gwaji, don na lura yana barin farin tabo a jikin baƙaƙen motoci in ya bushe. Gishirin ƙasa ne ke kawo haka, kuma masu manyan motoci ba sa yafe shi.

Wani abin da ya faranta mini rai shi ne babban ma'aikacinsu. Na ga mutane suna ajiye mota su jira shi ko da akwai rumfar da ba kowa. Yana duba ƙarƙashin kujera, yana miƙa wa mai mota duk abin da ya tsinta kafin a tambaya. Rabin masu zuwa wurin, in ka bi diddigi, wurinsa suke zuwa. Na ja shi gefe mun yi magana. Ya ce zai zauna in za a riƙa ba shi kaso a kan kowace mota maimakon albashin wata da ake ja masa rai a kai. Na ga adalci a maganarsa, ni ma ta fi mini, don ranar da ba ciniki ba zan ɗauki nauyin da ba zan iya ba. Amma ka ga shi ma ba a cikin abin da ake sayar mini yake ba. Ranar da ya ga dama zai ɗauki tsummansa ya tafi.

Maiɗakina ta ce in haƙura gaba ɗaya, wai duk cinikin da sai an yi rantsuwa da yawa a cikinsa akwai abin da ake rufewa. Ni ban kai nan ba tukuna. Abin da na yanke shi ne zan koma da sharuɗɗa. A zaunar da ni da mai fili ido da ido. A bar ni in riƙe akwatin kuɗi na wata guda kafin a sallama, in ga ciniki da hannuna. Farashi ya sauko daidai da mota 25, a cire kuɗin sabon inji da na yashe rami. Biya kuma kashi biyu, na ƙarshen sai an sa hannu a takardar haya. In ya yarda, ina ganin sana'a ce da za ta riƙe gida. In ya ƙi maganar mai fili, ko ya sauko da farashi har ƙasa ba na so.

Dillalin yana ta kirana wai akwai wani mai kuɗi a hannu da ke jira. Na ce masa in ya samu ya sayar, Allah ya sa albarka. Kwana biyu ya yi shiru, yau da safe ya sake kira.

Mutuminka mai dogon labari ya dawo, ya yi ƙiba har ban gane shi ba sai da ya yi dariya. Ya tambaye ka, na ce kana can ka zama babban mutum ba ka amsa waya. Ka kira shi ka wanke kanka. Hajiya tana samun sauƙi, ƙafar ta daina kumburi, har ta fara fita tsakar gida da sanda. Kullum sai ta sa ka a addu'a.

Akwai abin da na so in tambaye ka tun farkon takardar nan, ya shige mini, in na tuna zan turo. Amma ka tambayar mini akantan nan abokin aikinka ko zai yarda in aiko masa da hoton shafukan littafin da rasit ɗin mai ya duba, zan biya shi wahalarsa. Ranar Litinin zan ba su amsa, don haka kada ka yi irin taka.

Ka gaishe da maiɗakinka da yara.

Naka har kullum,
Amininka