Murjanin da ya yi fari a tanki bai mutu ba tukuna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku domin in ja hankalin 'yan'uwanmu masu aikin kula da tankunan kifin ruwan gishiri a gidaje da otal-otal na Jidda, kan wata asara da gaggawa ke jawowa. Yawancinmu a wuyan iyayenmu mata muka san murjani, amma wanda ake kiwo a tankin gilashi halitta ce mai rai, kuma a cikin namansa akwai ƙananan tsirrai dangin gansakuka waɗanda ke haɗa masa yawancin abincinsa da haske, su ne kuma ke ba shi launi. Idan zafin ruwa ya wuce kima sai ya fitar da su, farin ƙashinsa ya bayyana.

A watan Agustan bara na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya kwana biyu a gidan da nake aiki, ruwan da muke riƙewa a digiri 25 ya haura 31. Kafin mako ya zagayo rassan sun yi fari fat kamar alli, maigida ya ce in kwashe in zubar. Na roƙe shi alfarmar wata biyu, domin da na haska tocila da daddare na ga ƙananan bakunan murjanin suna buɗewa, alamar da sauran rai.

Na ɗora fanka a bakin tankin, na riƙa sauke zafin sannu a hankali, saboda sanyin farat ɗaya ma illa ne. Na ƙara ƙarfin injin juya ruwa, tunda ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, na rage hasken fitila, na riƙa cike gurbin abin da ya ƙafe da tataccen ruwa mara gishiri, domin gishiri ba ya bin tururi. Sau biyu a mako nake ba shi abinci da daddare, kasancewar ƙananan tsirran da ke ciyar da shi sun tafi. A mako na shida launin ƙasa-ƙasa ya fara dawowa daga gindi. Nau'in Acropora, wanda ya fi rauni, shi na rasa: namansa ya saɓule, gansakuka ta lulluɓe ƙashin.

Abin da ya fi damuna shi ne masu zubarwa su nemi a ɓallo musu sabo daga Bahar Maliya, alhali tekunan duniya na fama da wannan ciwo. A watan Afrilun 2024 hukumar NOAA ta Amurka, mai nazarin teku da yanayi, ta sanar da karo na huɗu da murjani ke yin fari a faɗin duniya, kuma masanan jami'ar KAUST da ke Thuwal, arewa da Jidda, suna aikin rainon murjani domin mayar da shi teku.

Naku,
Mai karatu daga Jidda