Masu haɗa kiɗa, mu daina kokawa da gidaje goma sha shida

Assalamu alaikum, Malam Edita. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Don Allah a ara mini ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu haɗa kiɗa a kwamfuta, musamman ƙannenmu da suka shigo harkar kwanan nan. Kullum mawaƙi ake nema a yi hira da shi a jarida. Wanda ya kwana a kan kujera yana jera ganguna ɗaya bayan ɗaya har idonsa ya yi ja, ba mai tambayarsa yadda ya kwana.

Ina da ɗan sutudiyo a Unguwar Rogo, nan cikin Jos. Ɗaki ɗaya ne da na manna wa soson katifa a bango. Shekarata tara a wannan sana'a. Da fiyano Yamaha na fara, irin wadda za ka danna maɓalli ta sako kiɗan da aka riga aka ɗura mata, daga baya na koma manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, wadda tsofaffin hannu har gobe suke kira Fruity Loops, sunan da kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ya fito da ita da shi a ƙarshen shekarun 1990.

A hunturun bara wani mawaƙi ya zo mini daga Bukuru da waƙar biki. Ɗaurin aure Asabar, shi kuma ya iso Laraba bayan isha'i. Ya rera mini amshin yana tafa cinya, na ce wannan ai aikin awa ɗaya ne. Ashe ban sani ba.

Awa ta farko ta tafi wajen neman kik, wato babbar gangar nan mai dukan ƙirji. Ina da su sun haura dubu biyu a kwamfuta, waɗanda na yi ta kwasowa daga filashin abokai, sunayensu duk kusan iri ɗaya. In ka saurari hamsin a jere, kunnenka ya mutu, ba ka ƙara bambance mai kyau da marar kyau. Da na gaji na ɗauki wani, na jera kiɗan, sai mawaƙin ya kasa hawa. Ya shiga, ya fita, ya sake shiga. Can ya cire abin kunne ya ce, “Oga, kiɗan nan ture ni yake yi.” Na ƙara gudu, na rage gudu, na murɗa maɓallin suwin, mai sa kiɗa ɗan rangaji, har ƙarshe, duk a banza. Wajen ƙarfe ɗaya na dare wuta ta ɗauke, batirin laftof ɗina kuwa dama ya daɗe da mutuwa, kuma tun da muka fara ban adana komai ba. Muka fito cikin sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi, mai shayi ma ya tashi.

Washegari mawaƙin ya dawo da wani dattijo mai kalangu da ke yi wa mahauta kiɗa. Na sake jera abin da na yi jiya na kunna masa. Ya saurara, ya ɗan karkata kai, ya ce, “Yaro, wannan faretin soja ne ko kiɗan biki?” Sai ya fara buga tebur da yatsu yana taka ƙafa. Na zuba wa ƙafar ido ina ƙirge. Kowane taku ɗaya, bugu uku ne a cikinsa. Ni kuwa huɗu nake ta cusawa tun jiya.

Kusan duk manhajar haɗa kiɗa da za ka buɗe, gidaje goma sha shida za ta shimfiɗa maka: taku huɗu, kowanne an raba shi huɗu. Gadon injinan ganga ne irin TR-808 da kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1980, mai maɓallai goma sha shida a jere. Tsarin ya dace da disko da hip-hop da ire-irensu. Amma kiɗanmu da yawa, na kalangu da na ƙwarya da sauransu, uku-uku yake tafiya, gidaje goma sha biyu ke nan, abin da waɗanda suka karanci kiɗa ke kira 6/8 ko 12/8. Ban ce duka ba, akwai namu mai huɗu-huɗu. Amma in waƙar mai uku ce ka ɗora ta a kan huɗu, kamar ka sa wa mutum takalmin ƙaninsa ne ka ce ya yi rawa. Suwin da nake ta murɗawa kuwa, aikinsa kawai ya ɗan jinkirta kowane gida na biyu. Ba zai haifar maka da gida na uku da za ka ajiye bugu a ciki ba.

Maganin bai kai minti ɗaya ba. A FL Studio ka shiga Piano roll, wato allon da ake jera bugu a kansa, ka mayar da ma'aunin layukan zuwa kashi ɗaya bisa uku na taku, sai gidajen su koma uku-uku. Tun daga FL Studio 20 da ta fito a 2018 ma kana iya sauya awon kiɗa a tsakiyar waƙa. Masu manhajar Cubase da Ableton su ma suna da nasu wurin. Abin da na koya shi ne kada in taɓa linzamin kwamfuta sai na sa mawaƙi ya rera yana tafi, na ƙirga da ƙafata tukuna.

Ko da na gyara wannan, dattijon bai gamsu ba. Ya ce duk bugun nawa ƙarfinsu ɗaya, kamar mai daka a turmi. Gaskiya ya faɗa. A tsarin MIDI, wato yaren da fiyano da kwamfuta ke magana da juna da shi, wanda aka fara amfani da shi tun 1983, kowane bugu yana da nauyinsa, daga 1 zuwa 127. In da linzami kake dannawa, duk nauyi ɗaya za su fito, shi ya sa kunne ke gajiya kafin baiti na biyu. Hannun makaɗi ba haka yake ba. Akwai bugun da yake saukewa da ƙarfi, akwai wanda yake ɗan shafa fatar kawai, wanda ba ka jinsa sai an cire shi ka ji wurin ya yi fayau. Yanzu ƙananan ganguna da kacau-kacau da yatsu nake buga su a kan fiyano, in bar su da nauyin da suka zo da shi. In zan daidaita su da kwantayis, wato saitin da ke jawo kowane bugu zuwa kan layi, ba na kai shi ƙarshe, rabi ko sama kaɗan ya isa, don ɗan saɓanin nan shi ne gishirin. Kik kaɗai nake ɗaurewa daram a kan layi.

Na san abin da wani zai ce: ya gwada bugawa da hannu, amma sai ya danna sautin ya makara. Wannan ba laifin yatsunka ba ne, bafa ce ta yi yawa, wato adadin gutsattsarin sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sake shi. Lissafin a fili yake. In kana aiki a kan gutsure 44,100 a daƙiƙa, bafa 2048 tana jawo jinkirin kusan kashi 46 cikin dubu na daƙiƙa, wanda ya isa ya rikita kowane makaɗi. In ka sauko 256, jinkirin bai kai kashi 6 ba. Ka zaɓi direban ASIO a saitin sauti na manhajar, ka rage bafa lokacin bugawa, in an zo gauraya sauti da kaya sun yi nauyi ka mayar da ita sama. Na shekara uku ina zagin kwamfutata a kan abin da yake saiti ne kawai.

Batun kik dubu biyu kuwa, wata Lahadi na zauna na yi musu tankaɗe da rairaya. Na bar kik takwas, sinaya, wato ƙaramar ganga mai kaifin sauti, shida, hayihat, wato faifan ƙarfen nan biyu masu kacau-kacau, kaɗan, sauran na kwashe su zuwa wani faifai na jefa a durowa. Ban taɓa kewarsu ba. Sannan na yi shimfiɗa guda biyu, wato fayil ɗin da aka riga aka shirya don fara sabon aiki, ɗaya mai uku-uku, ɗaya mai huɗu-huɗu. A cikin kowacce gangunan suna jere da sunayensu da launinsu, kowace ganga ta riga ta san layinta a mikisa, hayihat rufaffe kuma an saita shi yana yanke buɗaɗɗe kamar yadda yake a gangar gaske. Mawaƙi na shigowa sai in buɗe wadda ta dace. Kafin ya gama shan ruwa an fara aiki. Ɗan yatsana kuma ya saba da Ctrl da S kamar carbi, in zan yi wani babban sauyi in danna Ctrl da N ta ajiye mini sabon kwafi. In aiki zai tafi wani sutudiyo, a dunƙule nake fitar da shi tare da sautukansa, don kada a buɗe a can a tarar rabin gangunan sun ɓace.

A nan bari in ɗan taɓa mu. Da yawa cikinmu da manhajar sata muke aiki, wadda ke rufewa ana tsaka da ɗaukar murya, mu yi ta Allah ya isa. Na san dala ta yi tsada, ni ma na daɗe a haka. Amma FL Studio in ka saya sau ɗaya, sabuntawarta kyauta ce har iya rayuwa. Kuɗin waƙar biki kaɗan ne in aka daure aka tara.

Abu ɗaya ne na sallama: kalangu ba ya jeruwa da linzami. Muryarsa tana hawa tana sauka ne gwargwadon yadda makaɗi ya matse tsirkiyar ko ya sassauta, shi ya sa yake iya faɗin take har wanda ake yi wa ya gane da shi ake. Na gwada ɗaukar bugu ɗaya in riƙa lanƙwasa shi da ɗan wilin da ke gefen fiyano, abin da ya fito ya fi kama da kukan kwaɗo. A waƙar nan ta Bukuru, dattijon na zaunar gaban makirfo, na ba shi kik da kacau-kacau a kunne, ya yi sau biyu muka ɗauki na biyun. Minti ashirin. Na biya shi hakkinsa, ya saɓa kalangunsa ya tafi, mawaƙin kuma ya hau kiɗan kamar dama don shi aka haife shi.

Malam Edita, roƙona a ƙarshe biyu ne. A riƙa ware mana ko rabin shafi ne lokaci-lokaci, masu wannan aiki na Jos da Kano da Kaduna mu riƙa koya wa juna. Sannan ina kira ga abokan sana'a mu haɗu mu naɗi gangunanmu da kyau, kotso da taushi da kuntuku da ƙwarya da shantu, a biya makaɗan kuma a rubuta sunayensu a jiki. Kwamfutocinmu cike suke da gangunan Amurka, namu kuwa sai ɗan abin da aka yanko daga tsohon kaset mai shuu. Ni na fara da dattijon nan, mun ɗauki bugu arba'in na kalangu, kowanne da nauyinsa. Mai kotso nake nema yanzu, wanda zai yarda ya zo Jos ya yini da ni.

Naka,
Mai haɗa kiɗa,
Unguwar Rogo, Jos.