Sun ba mu ruwa mun gode, amma maganar ƙwaya ba a otal ake yin ta ba

Assalamu alaikum Edita,

Da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Ni ɗan kasuwa ne, albasa nake saukewa a kasuwar Mile 12 nan Legas, kwana kuma a Agege, bana shekarata 19 a garin nan. Ka taimaka ka ba ni ɗan fili in amayar da abin da ya tsaya mini a maƙoshi tun watan Yuni.

Akwai wata ƙungiya ta taimakon al'umma da take zuwa unguwarmu, irin kulob ɗin nan na likitoci da lauyoyi da manyan 'yan kasuwa masu haɗa kuɗi daga aljihunsu, yawancinsu Yarbawa da Ibo, sai Bahaushe ɗaya ko biyu. Ba zan faɗi sunanta ba don ba tonon silili na zo yi ba. Gaskiya mutanen nan sun yi mana abin da kansila bai yi ba. Sun haƙa mana rijiyar burtsatse da tanki a bayan masallaci, yanzu matanmu sun huta da jiran 'yan ga-ruwa, sun zo da likitoci an gwada mana hawan jini da suga kyauta, tsofaffi sun samu tabarau, masu juna biyu sun samu gidan sauro. Ni kaina a wurinsu na san jinina ya hau, da ina ta shan maganin ciwon kai a banza. Yaba kyauta tukwici, Allah Ya saka musu da alheri.

To sai ga ranar 26 ga Yuni, ranar da duniya ta ware don yaƙi da shaye-shaye, suka aiko mana da katin gayyata wai za a yi taron wayar da kai. Na saka kaftanina na tafi. Wani zauren otal ne a Ikeja, ƙarfe goma na safe, sanyin AC kamar a Jos, an zuba 'yan sakandare cikin yunifom a gaba, an raba riguna masu rubutu, aka yi awa uku ana zuba Turanci ana nuna hotuna a bango, daga ƙarshe aka ba kowa shinkafa a roba aka ɗau hoto. Na waiga na ƙirga Hausawan da ke wurin, mu huɗu ne, kuma dukkanmu gemu ya yi furfura, babu wanda ya wuce goro da shayi a cikinmu. Yaran da ake magana a kansu a wannan lokacin wasu suna kan tirela suna sauke kaya, wasu kuma sun baje a ƙarƙashin rumfa suna ramuwar barcin dare.

Ban ce taron ba shi da amfani ba fa, ni dai na ƙaru. Wata likita ta kawo binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi a 2018, mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da kayan maye a Najeriya a shekara guda, kuma duk mutum huɗu ɗaya mace ce. Abin da ya ba ni mamaki, yankin Kudu maso Yamma ne ya fi kowa da kashi 22.4 cikin ɗari, namu na Arewa maso Yamma kashi 12. Mu da kullum ake nuna mu da yatsa ana cewa Kano, Kano. Amma kafin in gama jin daɗi sai na tuna ai yaranmu na nan Legas a cikin lissafin Kudu suke, don a nan suke kwana a nan suke sha.

Edita, abin da masu jawabin nan ba su taɓo ba shi ne dalilin da ya sa ɗan dako ke shan tiramol. Su a ganinsu lalacewa ce da bin abokan banza, irin ta 'ya'yan masu kuɗi da ke shan kolorado, wato wiwin da ake haɗawa da sinadarai, a gidan rawa. Namu ba haka yake farawa ba. Yaro ne ya taso daga ƙauye a Sakkwato ko Kebbi ko Jigawa, ya hau saman tirelar kaya kwana biyu ko uku, ya sauka ba shi da kowa sai ɗan garinsu, washegari a ɗora masa buhun albasa da ya fi shi nauyi, ya yi sawu talatin arba'in cikin caɓi, dare ya yi bayansa kamar an sassare shi, sai wani ya ce ungo wannan maganin gajiya ne. Ya sha ya ji garau. Gobe ya sha kafin aiki maimakon bayan aiki. Hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta amince ne da tiramol mai lamba 50 da 100, shi ma sai da takardar likita, amma wanda ke yawo a kwandon masu tallan magani da daddare mai 225 ne, kuma bayan wata biyu guda ɗaya ba ta yi masa komai sai biyu sai uku a jefa cikin lemo.

Na ga wannan da idona a kan wani yaro da ya yi mini aiki kusan shekara biyu, mai sallah mai ladabi, ba ya ko ɗaga ido ya kalle ka. Wata rana da hantsi yana tsaka da ɗaukar buhu ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga kumfa na fita a bakinsa, nan take aka ce aljanu ne, aka kawo ruwan tofi aka yi ta shafa masa. Sai daga baya wani mai kemis ya ce mini tiramol in ya yi yawa haka yake kayar da mutum kamar mai farfaɗiya. Me muka yi? Abin da muka saba. Muka haɗa masa kuɗin guzuri muka saka shi a motar da ta sauke kaya za ta koma Arewa, muka ce a kai shi gida ya huta, muka shafa fatiha. Bayan babbar sallah ya dawo, yanzu ko dakon ba ya iyawa, yana can wajen 'yan bola jari, in ya hango ni sai ya sauya hanya.

Kuma in za a faɗi gaskiya komai ɗacinta, mu iyayen gida muna da hannu. Muna so a sauke tirela kafin gari ya waye don mu riga wasu shiga kasuwa, muna ganin yaro yana aikin mutum uku idonsa jawur harshensa ya yi nauyi, ba ma tambaya, har yaba masa muke wai ƙaƙƙarfa ne. Ranar da ya faɗi kuma mu ce ɗan ƙwaya ne mu nemi wani. Ni ma na yi, shi ya sa nake faɗa.

Gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin tun watan Mayun 2018 bayan rahoton nan na BBC kan yadda matasa ke shan sa, kwalba ta yi tsada amma shan bai tsaya ba, an koma ezol da roci da sholisho, ga wiwi dama tana nan, yanzu har wani kayan maye da ake kira ƙanƙara ya fara shigowa cikin yaranmu. Da aka hana acaba a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu ƙananan hukumomi a watan Yunin 2022 kuma sai zaman banza ya ƙaru, wanda aka ƙwace wa babur ga bashi a kansa ga kunyar komawa gida hannu rabbana. Buba Marwa da ya yi gwamnan soja a nan daga 1996 zuwa 1999, wanda har yau sunansa ake kiran keke da shi, tun da ya karɓi hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 2021 ana ta kame, mun ji tan 1.8 na hodar iblis da suka kama a Ikorodu a 2022. Madalla. Sai dai ɗan dako bai taɓa ganin hodar iblis ba, tasa 'yar ƙwaya ce ta canjin aljihu a bakin teburin mai shayi.

Ga asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya nan a Yaba, suna da sashen masu shaye-shaye, amma ka ce wa Bahaushe a kai ƙaninsa Yaba sai ya ce ka kira shi mahaukaci, in ma ya yarda wa zai biya, wa zai yi masa tafinta? Shi ya sa ake gudu gidan mari, alhali kowa ya ga abin da aka tarar a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum sama da 300 wasu da sarƙa a ƙafa.

Roƙona ga 'yan wannan ƙungiya, yadda suka tako har bayan masallacinmu suka duba inda za a haƙa rijiya, haka za su tako da maganar nan. Su zo bayan sallar isha'i, su biyo ta hannun Sarkin Hausawa da limamai da shugabannin 'yan dako, su zo da likita mai jin Hausa ko a samo tafinta, kada a zo da kyamara ko mai kaki don wallahi ko mutum ɗaya ba zai zauna ba. Kuɗin zauren otal da na riguna kuma da za a tara shi a kai yaro biyar asibiti a bi su har su warke, a koya musu ɗinki ko gyaran waya, da ya fi mana hoton da aka ɗauka. Limamanmu na Agege da Idi-Araba da Alaba Rago su ma su sako mu iyayen gida a huɗuba, ba yaran kaɗai ba.

Na tari sakatariyar ƙungiyar a bakin ƙofa ranar taron na faɗa mata wannan da ɗan guntun Turancina, ta rubuta a takarda ta ce za ta kai wa shugabanninsu a zamansu na gaba, har yanzu dai shiru, shi ya sa na biyo ta jarida ko wani zai fassara musu. Rumfata tana ɗaukar mutum talatin in an matsa, benci akwai, shayi da burodin Agege kuma a kaina.

Naka,
Mai albasa, Mile 12, Legas